Sun ce sai na aske gemu kafin su ba ni tanka

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni direban tanka ne, na daɗe ina jan motar wani Alhaji tsakanin Legas da Arewa, ba takarda, ba fansho. Yanzu wani kamfani mai jigilar garin siminti da man fetur ya ɗauke ni, kuma albashinsu ya fi. Sun ce ɓangaren siminti za su sa ni. Sai dai takardar da suka ba ni ta ce dole in aske gemu, ba jallabiya, ba zobe, ba yaron mota, ba tuƙin dare, sannan duk kayan da ya gaza ko man gas ɗin da ya wuce ƙa'ida a albashina za a cire. Tun ina saurayi ban taɓa sa reza a gemuna ba. Mako guda suka ba ni in sa hannu, ga iyali da yawa. In karɓa ko in haƙura? Direba daga Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya zaɓa maka mafi alheri. Kada ka sa hannu yau, kada kuma ka mayar musu da takardarsu cikin fushi. Mako guda ya ishe ka ka gano abin da komai ya rataya a kansa: dokar gemun nan don lafiyarka aka yi ta, ko don kawai direba ya yi kyan gani a idon mai kamfani? Dukkan biyun ana samu, kuma ba amsa ɗaya ake ba su ba.

Inda aske gemu ke da dalili na gaske wuri ɗaya ne, wato takunkumin numfashi mai kama fuska. Irin wannan takunkumi, ko na roba mai matata a gefe ko na yadi mai ɗan ƙarfe a kan hanci wanda ake yarwa bayan aiki, amfaninsa duka yana ga bakinsa da ke manne da fata, daga karan hanci ya bi kumatu ya zagaya ƙarƙashin haɓa. Idan ka ja numfashi, iska hanya mafi sauƙi take bi. In akwai gashi tsakanin robar da fata, ta nan ƙurar za ta shige, matatar kuwa tana zaune ba ta tace komai ba. Ba sai dogon gemu ba, tsiron kwana biyu ma yana ɓata mannewar. Shi ya sa a Amurka da Ingila ƙa'idar lafiyar ma'aikata ta hana a dogara da irin wannan takunkumi ga mai gashi a layin da robar ke zama, kuma daga can yawancin manyan kamfanoninmu suke kwafo dokokinsu. Wasu suna kwafo dokar tare da dalilinta. Wasu kuwa kalmar aski kaɗai suke ɗaukowa, ba su taɓa raba wa direba ko takunkumi ɗaya ba.

To ka je wurin jami'in kula da lafiyar aiki, wanda direbobi ke kira ɗan sefti, ka tambaye shi da ladabi: a wane aiki ne ake bukatar in sa takunkumi, wane iri ne, kuma ana yi wa direbobi gwajin dacewarsa da fuska? Gwajin ba abin ɓoye ba ne. Ana sa maka takunkumin, a kifa maka wata babbar hula a kai, a fesa wani ruwa mai ɗaci ko mai zaƙi a ciki, sannan ka yi numfashi, ka juya kai hagu da dama, ka ɗaga ka sunkuyar, ka yi magana, ka duƙa, kowanne kamar minti ɗaya. In ka ji ɗanɗanon a harshenka, takunkumin bai kama ba. Kamfanin da ke yin wannan gwaji da gaske yake. Wanda ɗan seftinsa ya tsaya yana kallonka bai gane tambayar ba, dokarsa ta ado ce, kuma nan ne kake da bakin magana sosai.

Mu gaya maka gaskiya game da garin siminti, don kada son gemu ya sa ka raina shi. Lokacin lodi ta bakin tanka na sama, da lokacin kwance tiyo bayan sauke kaya, da ranar da tiyo ya toshe ko matatar rumbun mai karɓa ta fashe, ƙura kan turnuƙe har ba ka ganin bayan motarka. Siminti in ya haɗu da gumi ko hawaye yana cin fata kamar ruwan toka mai ƙarfi, a hankali, sau da yawa ba a jin zafin sai bayan wasu awanni. Yana shiga ido ya ƙona shi, yana taruwa a hanci da ƙirji ya bar mutum da tarin da ba ya jin magani. A cikin gemu kuma yana daskarewa ya zauna a jikin fata. Saboda haka a ɓangaren siminti bukatar takunkumi gaskiya ce, kuma wanda ya ce maka ka ɗaura hankici ko ka ja rawani a hanci ya wadatar, cutar da kai yake yi.

Amma ko a nan ba a rasa mafita. Akwai hular numfashi mai injin hura iska: ana ɗaura ƙaramin inji mai batir a ƙugu, ya jawo iska ta matata ya turo ta cikin hular da ta rufe kai da fuska. Da yake iskar ciki ce ke tunkuɗa waje, ba ta bukatar mannewa da fata, don haka mai gemu yana sa ta lafiya lau. Tana da tsada, tana son caji da canjin matata, kuma ba kowane kamfani ne zai yarda ya saya don mutum ɗaya ba, amma ka ambace ta, musamman in akwai wasu masu gemu da za ku nema tare. Mafita ta biyu ta fi sauƙi: ka nemi a sa ka a ɓangaren mai, tunda can ka saba. A aikin yau da kullum na lodin fetur ko gas a fili, abin da aka fi nema wurin direba shi ne hular kwano, tabarau, safar hannu, takalmi da rigar aiki. Ta uku ita ce rage gemun ya tsaya a cikin takunkumin, ba ya ratsa layin robar. Wannan yana nufin aske gefen kumatu da ƙarƙashin haɓa, kuma mun san ga mutane da yawa wannan ma aski ne.

Hukuncin addini kuwa na malaminka ne. Abin da muke roƙo shi ne ka kai masa maganar cikakkiya. Barin gemu umarni ne da ya zo a hadisi ingantacce, an kuma ruwaito cewa Abdullahi ɗan Umar yakan kama gemunsa ya rage abin da ya wuce damƙa idan ya yi Hajji ko Umra, kuma malamai sun yi bayani a kan ragewa da kuma halin lalura. Kada ka ce masa kawai an ce ka aske. Ka gaya masa ko akwai ƙura ko babu, ko an ba ka zaɓin wani ɓangare, ko kana da wani aikin da zai riƙe gidanka. Fatawa tana bin yadda aka kawo tambaya.

Ta fuskar doka, sashe na 38 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin addini da bayyana shi, sashe na 42 ya hana wariya, kuma Najeriya ta amince da yarjejeniya ta 111 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya wadda ta hana nuna bambanci a wurin aiki saboda addini. Ita yarjejeniyar kanta ta ware sharaɗin da aikin ba ya yiwuwa sai da shi. Ka ga mun dawo kan tambayar farko. Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce ke sauraron irin wannan ƙara, amma shari'a tana cin lokaci da kuɗi, kai kuma ko fara aikin ba ka yi ba. Abin da ya fi maka amfani shi ne gajeriyar wasiƙa zuwa ofishin ma'aikata: kana son aikin, ka amince da duk dokokin kariya, kana barin gemu saboda addini, kana neman a ba ka hular iska ko a mayar da kai ɓangaren mai. Ka riƙe kwafi mai tambarin karɓa. In sun amince, a rubuta amincewar, domin manajan da ya ce maka ba komai da baki ana iya canza masa wurin aiki wata mai zuwa, wanda ya gaje shi kuma takarda zai duba.

Sauran dokokin shiga, mu a ganinmu ka karɓe su hannu bibbiyu. A bayan kan mota ko a jikin tankar siminti akwai kwamfiresa da bel da sandar ƙarfe mai juyawa. Bakin jallabiya, jelar rawani ko hannun babbar riga in ya taɓa wurin, kafin ka miƙa hannu ka kashe inji ya riga ya naɗe ka. Zoben azurfa kan maƙale a matakalar hawa tanka ko a marfin sama, in ƙafa ta zame nauyin jiki duka a kan yatsa ɗaya yake sauka. Ka cire shi da agogo da carbin wuya ka bar su a cikin mota, ka mayar bayan an gama. Ƙaramar hular taɓa-ka-ji-hadisi tana zama ƙarƙashin hular kwano, amma zanna-bukar ko kube tana ɗaga ta sama ta hana maɗaurinta kama kai. Batun tsawon wando ma yana da sauƙi: takalmin aiki yana hawa sama da idon sawu, don haka wandon da ya tsaya daidai idon sawu zai iya rufe bakin takalmin. Abin da ba a so shi ne a cusa wando a cikin takalmi, don garin siminti zai zuba ciki ya haɗu da gumi ya cinye ƙafa. In siminti ya shiga ido, ka yi ta kwarara ruwa mai tsabta na aƙalla minti 15 ba tare da murzawa ba, sannan asibiti. Jarkar ruwa ta musamman don wannan kada ta rabu da motarka.

In ɓangaren mai aka kai ka, rigar auduga ko wadda aka yi don aikin ita ce ƙa'ida, ban da yadin roba irin na rigunan ƙwallo. Yadin roba yana tara lantarkin gogayya, in wuta ta kama kuma narkewa yake ya manne a fata. Tururin fetur ya fi iska nauyi, ƙasa yake bi ya kwanta a kwata da ƙarƙashin mota, tartsatsi ɗaya ya ishe shi. Shi ya sa ake maƙala wayar ƙasa a jikin tanka kafin a fara lodi, a ajiye waya da ashana a bakin ƙofa. Bayan fashewar tankar mai a Majiya ta Jigawa a Oktoban 2024, inda mutane sama da 150 suka rasu, da ta mahaɗar Dikko a jihar Neja a Janairun 2025, hukumomi sun ƙara matsawa, har hukumar NMDPRA mai kula da harkar man fetur ta hana lodin tankoki masu ɗaukar lita 60,000 daga 1 ga Maris 2025. Ba za ka samu kamfani mai hankali da zai sassauta waɗannan ba.

Tunda tankar siminti sabuwa ce a wurinka, ka nemi horo kafin a ba ka makulli, kada kunya ta hana ka. Iska ce ke tura kayan, yawanci a matsin da bai wuce bar 2 ba (bar ma'aunin matsin iska ne), kuma iyakar tankarka tana rubuce a farantin jikinta. Ka sa wa taya waigi, ka sa mai karɓa ya nuna maka bututun rumbun da hannunsa ya kuma tabbatar akwai wurin da zai ɗauke kayan duka, ka kulle mahaɗin tiyo da fil ɗinsa, sannan ka tada kwamfiresa. Kada ka bar wurin ana saukewa. Ƙarshen kaya ya fi haɗari, domin da gari ya ƙare iskar da ke tankar takan ruga cikin rumbu gaba ɗaya ta fasa matata ko ta ɗaga murfinsa, don haka a rage iska a rufe bawul da wuri. Marfin sama mai faɗin rabin mita, a matsin bar 1 kacal, ƙarfin da ke tura shi ya kai kusan tan 2. Geji yana iya toshewa da gari ya nuna sifili alhali akwai iska a ciki. Ka buɗe bawul ɗin sakin iska ka jira sai hucin ya ɗauke gaba ɗaya kafin ka taɓa marfi ko tiyo.

Yanzu ga ɓangaren takardar da muke tsoron gemu ya ɗauke maka hankali daga kansa, wato yankan albashi. Dokar Ƙwadago a sashe na 5 ta hana mai aiki cin ma'aikaci tara yadda ya ga dama. Cire kuɗi saboda asara sai in ganganci ko sakacin ma'aikacin ne ya jawo ta, da izinin jami'in ƙwadago, kuma jimillar abin da za a cire a wata bai kamata ya wuce kashi ɗaya cikin uku na albashin watan ba. Jumlar da ta ce duk abin da ya gaza a kanka yake, ba iyaka ba bincike, ka nemi a gyara ta. A siminti sikeli ne alƙali: ana auna mota ba kaya, a auna ta da kaya, a sake haka a wurin saukewa. Sikeli biyu ba sa taɓa yin daidai ɗari bisa ɗari, ga man da ka ƙona a hanya, ga garin da ke maƙalewa a kusurwar tanka. Don haka a rubuta sassaucin kilo nawa ake yafewa. A fetur kuma zafi ne ke wasa da awo. Fetur yana kumbura ko ya tsuke da kamar kashi 0.1 cikin ɗari a kowane digiri ɗaya. Lita 45,000 da aka loda da rana tsaka a Legas, aka auna da asubar hunturu a Kano da bambancin digiri 5, za ta iya nuna gibin sama da lita 200 ba wanda ya taɓa ta. Ka tabbatar ana rubuta zafin mai da awon kowane ɗaki na tanka a takardar kaya, ka ɗauki hoton lambobin hatimi kafin ka bar daffo da kuma kafin a yanke su.

Man gas na tafiya ma haka. Ka tambayi lita nawa aka ware wa kowace hanya, da kaya da kuma ba kaya, sannan me ake yi in hanya ta lalace aka zagaya, ko aka kwana biyu a cunkoson Lokoja ko tsakanin Jebba da Mokwa. A tankar siminti ka tambaya ko an lissafa man da kwamfiresa ke sha lokacin saukewa, domin nan ne sababbin direbobi ke samun gibin da ba su san daga ina ya fito ba.

Ka duba sunan wa ke saman takardar. Kamfanoni da yawa ta hannun 'yan kwangilar samar da ma'aikata suke ɗaukar direbobi, tambarin babban kamfani yana jikin mota amma ranar rigima a ce ba su san ka ba. Sashe na 7 na Dokar Ƙwadago ya wajabta a ba ka rubutattun sharuɗɗan aiki cikin wata uku da farawa. A ciki ka nemi tsayayyen albashi daban da kuɗin hanya, da ranar biyan kowanne. In mafi yawan samunka daga yawan sawu yake fitowa, tsarin da kansa zai tura ka gudu da hana ido barci, alhali iyakar gudun tanka ba ta wuce kilomita 60 a awa ba, na'urar bin sawu kuma tana kai rahoto ofis. Doka ta ba ka hutun yini ɗaya a kowane kwana bakwai, hutun shekara na aƙalla kwana shida na aiki bayan wata 12, da hutun jinya mai albashi har kwana 12 a shekara in likita ya tabbatar. Dokar fansho ta 2014 ta ce kamfani ya zuba kashi 10, kai ka zuba kashi 8, ya kuma yi maka inshorar rai da ba ta gaza ninki uku na kuɗin shekararka ba. Dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa kamfani biyan asusun inshorar ma'aikata na NSITF, ba a cire ko kwabo daga wurinka, kuma daga nan ake biyan wanda ya ji rauni a bakin aiki ko magadansa. Waɗannan su ne ainihin abin da kamfani ya fi motar Alhaji da su, in har ana biya. Ka tambayi direbobi biyu ko uku da suka shekara a wurin ko saƙon kamfanin fansho yana shigo musu a waya. Masu tsaya maka kuma su karanta abin da za su sa wa hannu, don wasu takardun suna ɗora musu kuɗin mota da kaya gaba ɗaya.

Hana tuƙin dare alheri ne gare ka, muddin lokacin isa da suka yanka ya yi la'akari da shi. Rashin yaron mota kuwa nauyi ne na gaske: wa zai taya ka canza taya, wa zai tsare mota kana barci a Tafa ko Mararrabar Jos? Ka tambaya ko suna haɗa direbobi biyu a doguwar tafiya, ko suna da motar kai ɗauki da lambar da ake kira dare da rana, da jerin wuraren da aka yarda ka tsaya. A nan ne za ka shigar da maganar salla, a san cewa tsayuwar azahar da la'asar ba kauce wa hanya ba ce, ka kuma daidaita ta da hutun da ya kamata ka yi bayan kowace awa huɗu. Gwajin ƙwaya ma yana nan tafe, sau da yawa ba sanarwa. Tiramadol da kodin da wiwi duk suna fitowa a fitsari, haɗe-haɗen 'yan tasha na ƙarin ƙarfi kuma ba ka san abin da aka zuba a ciki ba. In likita ya rubuta maka wani magani, ka nuna takardar kafin a ɗauki fitsarin.

Ga yadda za ka raba makon. Gobe ka ga ɗan sefti da tambayoyin takunkumi, ka miƙa wasiƙarka a ranar. Ka kai kwafin takardar aikin ofishin ƙungiya, reshen direbobin tanka na PTD da ke ƙarƙashin NUPENG, ƙungiyar ma'aikatan man fetur da gas, in ɓangaren mai ne, ko ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya da ke Kaduna, a karanta maka sashen yankan albashi. Da amsar kamfani a hannu sai ka je wurin malam. In sun ba ka ɓangaren mai ko hular iska a rubuce, suka kuma sa iyaka ga abin da za a cire, ka karɓi aikin. In takunkumin gaskiya ne kuma sun ƙi kowace mafita, kada ka shiga ƙurar siminti da takunkumin da ba ya kama fuskarka don a ce ka bi doka: ko dai abin da malaminka ya ba ka dama a kai, ko ka nemi wani kamfanin mai. Kafin nan kada ka ajiye makullin Alhaji sai takardar kama aiki mai ɗauke da ranar farawa ta shigo hannunka, kuma ka duba lasisinka na rukunin G bai kusa ƙarewa ba, don shi za su fara tambaya ranar gwajin tuƙi.